Ƙusar Sanda Wanzami

Kafin ladanin Domayo ya gyara murya
na riga na zauna a bakin rumfa,
zarto a cinya, magagari a hannu,
ina bin haƙoran sarƙa ɗaya bayan ɗaya.
Guga uku-uku nake ba kowanne.
In na yi wa wani huɗu, ya fi 'yan'uwansa gajarta,
yanka ya karkace, itace ya yi mini dariya.

Injina uku ne a Marwa.
Babban ya tsufa, sai an lallashe shi kamar suruki.
Na tsakiya a Garwa na saye shi, ya sha hannu,
yana zuƙar mai ba ya ko godiya.
Ƙaramin na Njidda ne,
da shi yake hawa, ɗaure a ƙugu,
har ya fi rufin mutane tsawo.

Fetur ɗin kwalba na bakin titi
sai na tace shi da tsohon ɗankwalin Ladi,
in ba haka ba kabureta ta kama tari
a daidai lokacin da reshe ya fara kuka.

Ran Talata aka kira mu Kakatare.
Wani maɗaci ne ya kwanto kan wayar wuta,
saiwarsa ta tsaga katangar Inna Dudu.
Kwana tara na yi ina zarya ofishin gandun daji
kafin hatimi ya sauka kan takarda.

Njidda ya hau. Ni na riƙe igiya.
Mai riƙe igiya ba ya amsa sallama,
ba ya korar ƙuda, ba ya tuna bashi.
Rassa biyar suka sauko a hankali
kamar ana sauke mara lafiya daga mota.

Saura babban, na ƙasa, mai kaurin ganga.
Na ja igiyar tsohon inji, ya ƙi.
Na cire filogi, na hura, na kankare baƙin.
Ja na shida ya yarda.
Garin katako ja yana zubo mini kan takalmi,
ɗacinsa har maƙogwaro,
sai ƙas!
Tartsatsi, sarƙa ta tsinke,
ta wuce kunnena tana fito.

Jaka goma sha biyar ke nan kwance cikin rairayi.

Da gatari muka buɗe wurin.
Can ciki, zurfin taƙi guda daga ɓawo,
ga ƙusa, baƙa, lanƙwasasshiya,
itace ya rufe ta ruf, ba ko tabo a waje.

Baba Gambo da ke kallo daga benci
ya karɓa, ya juya ta a tafin hannu.
Ya ce, ta Sanda wanzami ce,
nan yake rataye madubinsa.

Na san madubin.
Gefensa na hagu a fashe yake.
A ciki na fara ganin kaina tal kwabo,
babana na riƙe da haɓata,
yana cewa kada in motsa.
Sanda ya tafi, babana ya tafi,
madubin ban san inda ya ƙare ba.

Gindin muka bari, bai yi wa kowa laifi ba.
Inna Dudu ta biya rabi, ta ce sauran sai gyaɗa ta fito.

Da dare, a hasken tocila,
na cire haƙora biyu, na ƙulla sarƙar da guduma.
Ta gajarta, sai dai ƙaramin inji ya gaje ta.
A littafi na rubuta asara.
Ƙusar kuwa na jefa gwangwanin notuna,
tana can tare da tsofaffin filogai.

Njidda ya ce mu sayi mayen ƙarfe
mu riƙa shafa wa itace kafin yanka.
Na ce to.
Gobe akwai darbejiya huɗu a Fitoware,
kuma man sarƙa ya ƙare.